An Dakatar, Ba a Sallama Ba

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da nake hange tun daga tsakar rana, ruwan randa a ƙarshen doguwar tafiya, matata, abar tinƙahona.

Yau shekara biyu da wata bakwai da kwana goma sha ɗaya rabona da ƙofar gidanmu. Na bar ki a bakin ƙofa kina riƙe da hannun Inna, kina ce mini in tafi kada mota ta cika, alhali idonki yana ce mini in tsaya. Na ce miki wata takwas. Wayyo bakina! Wata takwas ɗin nan ya haihu, ya yi jikoki, ni kuwa ina nan a ɗaki guda mai taga ɗaya, ina kallon bangon maƙwabci.

Saƙonki ya iske ni ranar Talata ina cikin layin neman aiki, ina rungume da takarduna a ƙirji. Kalma bakwai ne kacal, na ƙirga su: "Ko ka dawo, ko ka sallame ni." Ban iya karantawa sau biyu a tsaye ba, sai da na fita daga layin na nemi dakali. Na so in kira ki nan take, amma na san halina a waya: zan ce "ki ƙara haƙuri", ke kuma ki ce "to", mu ajiye, kowa ya haɗiye nasa. Shi ya sa na ɗauki biro. Magana irin wannan takarda take so, wadda za ki iya ninkewa ki adana, ki fito da ita ki kafa mini hujja in na saɓa.

Farin watana, kin tuna yammacin nan kafin in tafi, da kike kwashe shanya a tsakar gida? Sama tas take, ko ɗigon girgije babu. Na ce ki bar kayan su ƙara shan iska, rediyo ya ce ba ruwa yau. Kika ɗaga kai, kika shaƙi iska kamar barewa a bakin daji, kika ce ruwa yana hanya. Na yi miki dariya, na fara yi miki bayanin tauraron ɗan'adam da za mu haɗa, wanda zai hango hadari tun yana ƙwai, ya gaya wa manomi ranar shuka, ya gaya wa na bakin kogi ranar gudu. Ban rufe baki ba aka kece da ruwa! Muka yi ta rige-rigen kwasar zannuwa, Inna tana daga ɗaki tana ta yi mana tsiya, ke kuma ruwa yana zuba daga gashin idonki kina cewa, "Ka gaya wa masu tauraron, hancina kyauta yake aiki." Ban taɓa ganin abin da ya kai ki kyau a ranar nan ba. Furen da ruwan farko ya wanke bai kai ki ba, bakan gizo da ya fito daga baya ma ko kallo bai ishe ni ba. Ina dalilin da zai sa mai hankali ya bar wannan ya tafi bautar ƙarfe?

Amma na tafi, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce ban so aikin ba. Na so shi. Ɗakin da muke haɗa tauraron ƙura ba ta shigarsa. Sai ka sa farar riga tun daga kai har ƙafa, ka rufe gemu, ka sa safar hannu, iska ta busa ka a wani ɗan lungu, sannan ƙofa ta buɗe. Yana tsakiyar ɗakin a kan karaga, girmansa bai wuce firjin shago ba, an lulluɓe shi da wani abu mai walƙiya kamar zinariya. Shalele muke ce masa, don ba a tari kusa da shi, ba a ɗaga murya, kuma komai ya nema sai an ba shi. Aikina liƙa wayoyinsa da dalma, wayoyi sirara kamar gashin kanki, ina kallo ta gilashin ƙara girma. Ƙa'idar aikin ita ce, duk mahaɗa ɗaya da na liƙa sai na rubuta lambarta a wani babban littafi na sa hannu a gefe. Mahaɗa dubu huɗu da ɗari uku da goma sha biyu, kowacce da sa hannuna. A lokacin ina alfahari da wannan littafi. Nakan ce a raina, wata rana abin da yatsun mijinki suka taɓa zai riƙa wucewa ta saman rufinmu kina shanya.

Wata goma sha bakwai muna kai, ba hutu ba izinin tafiya, wai ranar harbawa ta matso. Sai wata safiya aka tara mu a farfajiya, Shugaba ya karanta takarda, ya ce majalisa ba ta saki kuɗin bana ba, saboda haka an dakatar da shirin. Ki riƙe wannan kalma, rabin raina, don ita ce ta cinye mini wata goma sha huɗu.

Na je wurin Akawu, wani dattijo mai tabarau a ƙarshen hanci, wanda ba shi da mugunta ko kaɗan, tsoro ne kawai ya yi masa yawa. Na ce, ranka ya daɗe, an kore mu ke nan? Ya ce, "Haba ɗana, wa ya isa ya kori ƙwararru? Dakatarwa ce." Na ce to albashi fa? Ya ce yana nan ana tara mana, ranar da kuɗi ya sauka za a biya mu gaba ɗaya. Sharaɗi guda ne: kowace safiya ka zo ka sa hannu a rajista. Wanda ya yi fashin kwana uku a jere ya gudu daga aiki, duk abin da yake bi ya faɗi. Ki lissafa da kanki: kwana biyu a mota zuwa gida, kwana biyu dawowa. Kwana ɗaya tak ya shiga tsakanina da ke! Ba teku ba, ba dutse ba, layi ɗaya a littafin Akawu. Wata uku suka ba mu rabin albashi, daga nan ɗif. Abin da nake turo muku na gyaran fanka ne da rediyo da dutsen guga da nake yi wa mutanen unguwa da yamma. Ban gaya miki ba, kunya ta hana ni. Yau ranar wanka ce.

Kada ki zaci zama na yi. Ina sa hannu da ƙarfe takwas, in kama hanya. Takalmin da kika saya mini sau uku ana yi masa sabon tafi. Na cike takardun neman aiki ta waya har babban yatsana ya yi kanta, kuma ko'ina akwai gurbin "irin aikin da ka iya", babu inda aka rubuta nawa, sai in zaɓi "sauransu". Yawanci ba a amsawa. Shirun nan ya fi "a'a" ciwo, don "a'a" tana barin mutum ya yi gaba.

Inda aka kira ni kuma, da ma ba a kira ba. A masana'antar firji, manajan ya duba takarduna ya kira abokinsa daga ofis na kusa, wai zo ka ga ɗan sama jannati. Ya ce, "Malam, mu nan a ƙasa muke aiki, yaushe za ku kai mu wata?" Na yi murmushi, don mai nema ba ya fushi. A kamfanin waya suka ce na fi ƙarfin aikin, zan gudu in an dawo da shirin. A wurin masu gyaran injin hawa bene suka ce ban da gogewa, ni da na yi shekara goma sha biyu da ƙarfen dalma a hannu. Wani matashi da bai kai ƙanena ba ya ga kalmar "dakatar" a takardata, ya rage murya ya ce, "Tsakani da Allah, me ka sata?" Na yi masa bayani shirin aka dakatar, ba ni ba. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya yanke hukunci. Ban ga laifinsa sosai ba. Da ni ne a kujerarsa, ina jin haka zan karanta.

Mutum ɗaya ce ta yi mini adalci: wata Hajiya mai kamfanin gyaran na'urorin asibiti. Ba ta tambaye ni wata ko taurari ba. Ta miƙo mini wani allo da ya ƙone ta ce in gyara tana kallo. Da na gama ta juya shi gaba da baya, ta ce ba ta taɓa ganin liƙi mai tsabta haka ba. Ta ce tana da reshe a garin da bai fi awa biyu daga gidanmu ba, kuma tana neman mutum. Zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan maraƙi! Sai ta ce in kawo takardar sallama daga inda nake. Kowa ita yake nema, ashe. Doka ta hana a ɗauki ma'aikacin wata hukuma sai da shaidar an sallame shi. Ni kuwa ba a sallame ni ba. Ba ni da aiki, kuma a takarda ina da aiki. Ba cinya ba, ƙafar baya.

Kin sha tambayata, tun kafin in tafi, ko kuɗin da ake zubawa a shirin nan ba su fi amfani a wani wuri ba. Ke da kike aikin jinya kin san abin da kike faɗa. Na tuna ranar da kika dawo daga asibiti ba ki ci abinci ba, saboda tukunyar iskar numfashi ɗaya ce ta rage kuma marasa lafiya biyu ne, aka bar ki ki zaɓa. Kika ce kuɗin ƙusa ɗaya ta tauraron zai cika tukwane goma. A lokacin na yi miki dogon Turanci. Yau ba ni da shi. Na ga motoci shida sababbi da aka saya wa manya a watan da aka ce babu kuɗin sauya matatar iska. Na ga an rushe ƙofar shiga mai kyau an gina wata da marmara. Na ga baƙi suna zuwa ɗaukar hoto da Shalele ta bayan gilashi, su ci, su sha, su tafi. In na hau motar haya na ji mutane suna zagin shirin, suna cewa ana harba kuɗi sama alhali famfo ba ruwa, sai in sa hannu in rufe tambarin da ke aljihun rigata.

Duk da haka, zumar zuciyata, ba zan ce abin banza muka yi ba. Bara da kogi ya cika ya kwashe ƙauyen su kawunki da rana tsaka, ba wanda ya ba su ko awa ɗaya ta gargaɗi. Da Shalele yana sama, da sun sami kwana biyu. Wannan gaskiya ce, waccan ma gaskiya ce, kuma na gaji da auna su. Abin da na tabbatar guda ne: in za a yi, a yi, in ba za a yi ba, a faɗa. Mafi tsada a cikin duka shi ne abin da suka zaɓa, a kashe kuɗin a bar abin a ɗaki yana mutuwa.

Mutuwa kuwa yake yi. Wata huɗu ke nan da aka kashe injin da ke tsotse laima, wai kuɗin wuta. Akwai wani ma'auni a bango, allurarsa ba ta taɓa wuce arba'in da biyar ba muna aiki. Jiya na leƙa ta gilashi, tana kan saba'in da ɗaya. Laima ba ta ihu. A hankali take shiga, ta kwanta a kan dalma, ta yi mata wani fari-fari da ido ba ya gani sai ranar da aka kunna. Na ga tururuwa a cikin ɗakin da ake hana mu shiga da gashin baki a buɗe. Na rubuta wa Shugaba sau uku, Akawu ya karɓa ya buga hatimi ya ba ni kwafi, ya sa nasa a aljihun tebur.

Yanzu an kafa kwamitin bincike, wai su gano inda kuɗi suka shiga da dalilin lalacewar kaya. Makon jiya wasu mutum uku masu baƙaƙen jakunkuna suka zo, ba su nemi takardun motoci ba, ba su tambayi marmara ba. Babban littafin nan suka ɗauka. An bar jaki za a daki taiki. Ranar da aka kunna Shalele ya ƙi tashi, ba za a ce laima ba ce, za a buɗe shafi a ga wanda ya sa hannu, sau dubu huɗu da ɗoriya.

Kin san Dogo, mai walda, wanda nake ba ki labarin barkwancinsa, wanda ya ce in Shalele ya ƙi tashi shi zai goya shi ya hau bene ya wurga. Wata uku da suka wuce ya nemi sallama. Takardar tana da sharaɗi: ka yafe duk albashin da kake bi, sannan kwamiti ya wanke ka kafin Shugaba ya sa hannu. Ya yafe. Har yau ba a wanke shi ba. Sau biyar suna kiransa, su ajiye shi a benci tun safe, su tambaye shi me ya sa yake gaggawar tafiya in ba shi da abin ɓoyewa. Dogo ya daina wasa. Shekaranjiya na gaishe shi a bakin rajista, ya dube ni kamar yana ƙoƙarin tuna inda ya san ni.

To a cikin wannan hali saƙonki ya same ni. Na zauna a dakalin nan ina jin haushinki, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, ita ma? Sai na sake duba kalmar. Sallama! Abin da nake yawon nema ofis-ofis, shi kike nema a wurina. Wata goma sha huɗu ina tsine wa mutanen da suka ƙi riƙe ni suka kuma ƙi saki na, suka ce in zo kullum in nuna ina nan, da alkawarin wani biya da ba ranarsa. Ke fa? Wata talatin da ɗaya kina tashi a gidan miji ba miji. Kina wanke wa Inna ƙafa, kina ba ta maganinta a kan lokaci, kina amsa gaisuwar mutane da "yana nan lafiya, ya kusa dawowa". Shekarunki suna tafiya, ɗakin da muka ce na yara ne ya zama wurin ajiye buhuna. Kullum kina sa hannu a rajistata, ni kuma ina buga hatimi ina cewa ki ƙara haƙuri. Ashe ni ne hukumar! Na dakatar da ke, ban sallame ki ba, ban kuma riƙe ki ba. Wallahi ban gane ba sai ranar Talata, kuma ganewar ta fi duk wulaƙancin da na sha a layi zafi.

Ba ki yi laifi ba da kika tambaya. Kin ma yi jinkiri.

Ga abin da na yanke, kurciyar gidana. Ranar Litinin zan je wurin Akawu in karɓi takardar, in yafe musu wata goma sha ɗayan da nake bi, su haɗa da marmararsu. Na san abin da zai biyo baya: benci, tambayoyi, littafi a buɗe a kan tebur. Na kwafi wasiƙu ukun da na rubuta a kan laima, da hatimin Akawu a jikinsu, na ba wa mai gidan hayata ajiya. Ko za su isa su kare ni, Allah ne masani. Hajiya ta ce za ta riƙe mini gurbin kwana arba'in, ba ƙari. Ni ma kwana arba'in nake roƙo a wurinki, daga ranar Litinin. Ba "nan ba da daɗewa ba", ba "in Allah ya kawo kuɗin". Arba'in, ki sa alama a kalandar da ke bayan ƙofa.

In sun ba ni takardar, zan zo da aiki. In sun ja ni kamar Dogo amma ƙafata tana hannuna, zan bar musu komai in hau mota hannu rabbana, in zo in yi gyaran fanka a ƙofar gida, a kira ni wanda ya gudu. In kuwa abin ya wuce haka, aka riƙe ni inda ba zan iya fitowa ba, na riga na yi magana da Yayanki: ranar arba'in da ɗaya zaɓi naki ne, kuma abin da kika zaɓa zan sa masa hannu ba tare da na ɓata miki kwana ɗaya ba. Wannan layin ya fi kowanne wuyar rubutawa. Amma gara in rasa ki da gaskiya da in ajiye ki a ɗaki laima tana cin ki.

Sai dai ina roƙonki, hasken safiyata, kada ki gaji a kwana na talatin da tara! Sallamar da nake so in kawo miki ta bakin ƙofa ce, da muryata, ki amsa daga tsakar gida hannunki da kumfar wanki. Wace ƙasa ce ba ta jiran ruwa in ta ji ƙamshinsa? Wane tsuntsu ne yake mance reshen da ya fara kwana a kai? Ban kalli wata ba tun da na bar ki, ban kuma iya ba. Ko an wanke ni ko an shafa mini baƙi, ko kin jira ko kin tafi, zuciyar nan ba ta da wata ma'ajiya sai ke, har ranar da za a miƙe ni a rufe. Ki gaida Inna, ki ce mata ɗanta yana neman gafara, amma kada ki karanta mata maganar kwamiti.

Mijinki, naki shi kaɗai, muddin kina so.

Kin sha tambayata abin da na tara ina kauce miki. Ga shi, ba ƙari ba ragi: dubu ɗari da goma sha bakwai a banki, dubu tara a hannu. In an cire kuɗin mota dubu talatin da biyu, saura dubu casa'in da huɗu. Sai yadi shida shuɗi da na saya miki da albashin farko, da bargo ɗaya na Inna. Shi ke nan abin da shekara biyu da wata bakwai suka bari.